Kwana Shida Ina Bin Rijiyoyin Kamfani a Sakkwato

Sana'ata haɗa sola. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina hawa rufin mutane a Kano da kewaye, don haka ban yi mamaki ba da wani ɗan kwangila da muka saba ya kira ni ya ce akwai ɗan aiki a Sakkwato. Wani kamfani ne na Legas ya haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a wasu ƙauyuka shekara uku da suka wuce, yanzu yana son a je a ɗauko hotunansu a saka a rahoton ƙarshen shekara. Rijiya bakwai. Ya ce mini, "Hoto kawai, Injiniya. Kwana biyu ka juyo." Duk da haka na jefa mitar awon wuta da akwatin kayan aikina a jaka, don hannu ya riga ya saba. Kwana shida na yi.

Mun bar Kano bayan sallar asuba a tsakiyar watan Afrilu. Tafiyar ta haura kilomita 500, kuma ba wanda ke son dare ya riske shi a kanta. Daga Funtuwa zuwa Tsafe motar ta yi tsit, wanda ke hira da wanda ke barci duk suka koma jan carbi. Sai da muka shiga Gusau aka dawo da musu kan farashin masara. Bayan Talatar Mafara ƙasa ta fara buɗewa, itatuwa suka fara ja da baya da juna, har ya zama kana iya ƙirga su ta taga. Wajen Tureta na sauke gilashi don in sha iska, na mayar da shi da sauri. Kamar an buɗe mini bakin tanda.

Mai masaukina abokin karatuna ne tun sakandare, yanzu malamin makaranta ne, yana zaune a Runjin Sambo. Daga tasha na shiga abin da mu Kanawa ke kira a-daidaita-sahu, su kuma suke kira agwagwa da buje, sunan da har yau in na tuna sai na yi dariya. Na tarar ya tanadar mini fura a kwanon sha, an dama ta da kauri, da ƙanƙarar da ya ce sai da ya aika yaro unguwa biyu kafin a samo. A wannan watan ba a kwana a ɗaki. Bangon siminti yakan sha rana wuni guda, ya kwana yana amayar da ita. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka yayyafa wa ƙasa ruwa, muka kwanta muna kallon taurari muna fifita. Wayata ta nuna zafi ya kai digiri 43 da azahar ɗin ranar. Malam ya ce wannan ai sauƙi ne, in tambayi waɗanda suka yi azumin 2024, lokacin da zafi ya rufe yankin Sahel baki ɗaya har garin Kayes na Mali ya kai 48.5.

Da safe abin da ya tashe ni ƙarar kurar 'yan garuwa ce, jarkoki na gwaruwa da juna a kan hanya. Gari ne da ke zaune kusa da mahaɗar gulbi biyu, Rima da Sakkwato, amma da bazara ruwa kuɗi ne kamar hatsi. Kafin mu fita aiki na roƙi Malam ya biya da ni Hubbare, don ba ya yiwuwa in zo garin Shehu in koma ban yi ziyara ba. Muka yi addu'a, muka zaga ta Kanwuri, muka ɗauki hanyar arewa a kan babur ɗinsa.

Rijiya ta farko tana wani ƙauye a ƙasar Gwadabawa. Tun daga nesa ka hango tankin a kan ƙarafa, da wani katafaren allo mai fenti shuɗi da fari, an rubuta sunan kamfanin da manyan baƙaƙe, ƙasansa kuma wasu kalmomin Turanci da Malam ya fassara wa mutanen da suka taru da "adalci a sha'anin sauyin yanayi". Allon lafiyarsa ƙalau, ko tsatsa babu. Kawunan famfo shida kuwa sun bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin biyu. Can gefe, taku kamar ɗari, yara mata na jan guga a tsohuwar rijiyar gari, igiyar ta yi tsawon da sai biyu sun kama ta sun yi tafiya da ita.

Na hau na duba farantan sola. Ƙurar hunturu uku ta kwanta a kansu, ta haɗu da kashin tsuntsaye ta zama kamar yaɓe. Na auna, suna ba da wuta, amma kaɗan. Na buɗe akwatin kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa injin, shi ma da ransa. Matsalar tana ƙasa: sumo, wato injin da ke cikin rijiyar mai turo ruwa sama, ya ƙone. Abin da ya faru a fili yake ga duk wanda ya san aikin. Da bazara ruwan ƙasa kan ja baya, injin ya ci gaba da juyi babu ruwa, ya yi zafi ya mutu. Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a saman sumo, wadda ke kashe shi da zarar ruwa ya sauka. Kuɗinta bai kai na fentin allon nan ba. Ba a saka ta ba.

Mai gari dattijo ne, ya zo da sandarsa ya tsaya yana kallona har na sauko. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, yaushe ruwan ya tsaya?"

Ya ce, "Ya yi damina guda shina zuba, ɗana. Bazara na zakkuwa yat tsaya."

Na ce, "Ba a kira kowa ba? Ko wanke farantan nan ba a yi?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yarinta. "Wanga abu ai ba namu na ba, na kamfani na. Sunka zaka da motoci, anka kafa rumfa, anka yi hoto, sunka tahi. Ɗan kwangila yac ce kada kowa shi taɓa. Wa ka taɓa kayan da ba shi iya biya?"

Na yi shiru, don ni ma na sha faɗa wa mutane wannan maganar, kada a taɓa. Mukan faɗe ta don tsoron yara su ja waya. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda take sauka a kunnen mutumin ƙauye ba: an ajiye maka abu a ƙofar gida, an ce naka ne, an kuma ce ba naka ba ne. Lambar wayar da aka bar musu ta daina shiga tun shekarar farko.

Rijiya ta biyu an sace farantanta. Ta uku tanki ya tsage, ruwan na tsiyaya ya yi kwatami, awaki ne ke morar sa. Ta huɗu tana aiki rabin wuni. Ba zan tsaya a kansu ba, labarin kusan ɗaya ne.

Rana ta uku muka sauka fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa, ba don akwai rijiyar kamfani a can ba, sai don Malam ya ce in ban ga fadama ba ban ga abin da ke riƙe da Sakkwato ba. Gaskiyarsa. Bayan kwana biyu ido na kallon jar ƙasa da ƙaya, sai ga kore shimfiɗe, shinkafar rani da tattasai da ragowar albasa. An riga an cire mafi yawan albasar, an tara ta tsibi-tsibi, warinta ya cika iska. Muka zauna da wani manomi a inuwar rudu, wato rumbun kara da ake ajiye albasa a ciki don ta sha iska. Ya ce yanzu da kowa ya cire, buhu ba ya da daraja. Wanda ya iya riƙe ta zuwa ƙarshen shekara shi ne mai riba, amma kafin lokacin zafi da laima sun cinye wani kaso mai yawa, kuma mai bashin taki ba ya jira.

Abin da ya fi ci masa rai man fetur ne. Injin ban ruwansa da fetur yake aiki. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Wasu maƙwabtansa sun mayar da injinansu na gas, wasu sun rage faɗin gona. Ya nuna mini wata gona can gaba inda farantan sola huɗu ke jingine a kan itace, tiyo na ta aman ruwa babu ƙara babu hayaƙi. Ya ce, "Waccan ta wani mai hali ta. Da masu kyautar nan za su ba mu irinta bashi, mu biya da kaka, da ta hi muna allo." Na rubuta wannan a littafina.

Da hira ta yi nisa aka gangaro kan ruwan gulbin kansa. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, ita ke sama da su. A Satumban 2010 ruwa ya zo da ƙarfin da ya shafe gonaki da ƙauyuka, ya yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai da malamai suka koma shiga kwalekwale. Shekara takwas bayan haka, a 2018, hukumar da ke kula da madatsar ta fito ta ce ruwan da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Manomin ya ga duka biyun da idonsa. Ya ce a zamanin mahaifinsa ana kallon sama a san ranar shuka, yanzu sai ruwa ya sauka, ka shuka, ya ɗauke sati uku, iri ya ƙone, ka sake saye. In kuma ya dawo sai ya zubar da na wata guda a dare ɗaya.

A nan ne na fahimci abin da aka rubuta a allon nan, fiye da yadda na fahimce shi a takardar kamfanin. Mutumin nan ba shi da mota, ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, bai taɓa shiga jirgi ba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta, mai kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 4 ba. Wasu ne suka ci, shi aka miƙa wa kwanon wanki. Tun a taron sauyin yanayi na Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara, aka daɗe ana jan ƙafa kafin a cika. A 2022 a Sharm el-Sheikh na Masar aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarnar sauyin yanayi, a Dubai kuma a 2023 alkawuran farko da aka yi masa suka tsaya wajen dala miliyan 700. Na gaya masa wannan a taƙaice. Ya ce, "To, Allah shi kawo su lahiya." Ya tashi ya je ya juya ruwa zuwa wani fangali.

Da yamma muka bi ta Kalambaina, a ƙaramar hukumar Wamakko, don in ga masana'antar siminti. Ba ita ta aiko ni ba, kuma ba ta da hannu a rijiyoyin da nake bi, sha'awa ce kawai ta mai aikin hannu. An kafa kamfanin a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967, yanzu yana ƙarƙashin BUA na Abdussamad Rabi'u, wanda ya ƙara sabon layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a 2022. Tireloli jere kamar ba za su ƙare ba. Malam, da yake ilimin ƙasa yake koyarwa, ya ce farar ƙasar da ake haƙa a nan shaida ce cewa shekaru miliyoyi da suka wuce teku ne ya rufe wannan yankin, har akwai wani tsohon kada da masana suka tono ƙasusuwansa suka raɗa masa suna Sokotosuchus. Na kalli busasshen filin na kasa hango teku.

Siminti kuwa, ko a ina aka yi shi a duniya, sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma dutsen da kansa ke sakin iskar kabon idan ya gasu, ban da ta makamashin da aka ƙona. Shi ya sa wannan sana'a ita kaɗai ke da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin duniya. Ban faɗi wannan don in nuna wa kowa yatsa ba. Gidana na siminti ne, ƙafafun tankunan da nake bi ma a siminti aka dasa su, kuma dubban gidaje a Sakkwato daga wannan masana'anta suke cin abinci. Mai kamfanin ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021 da alkawarin dala miliyan 100 duk shekara don lafiya da ilimi da raya al'umma, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da masu kuɗi da yawa ba su san hanyar asibitin gwamnati ba.

A daren nan ne muka yi musu da Malam har kusan ɗaya. Ni na tsaya a kan cewa kyauta kyauta ce, wanda ya ba ka ka gode, ko rijiyar ta yi damina ɗaya ai an sha. Shi ya ce a'a, akwai kyauta akwai haƙƙi, kuma rikita su ne ke sa talaka ya yi shiru. Ya kawo misali da dokar ma'adinai ta 2007, wadda ta wajabta wa mai haƙar ma'adini ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Ya kawo dokar man fetur ta 2021, wadda ta ce kamfani ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa a asusun al'ummar da yake haƙa a ƙasarta. Ya ce Indiya tun 2013 ta ɗora wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 na ribarsu a kan al'umma. Irin wannan, in ba a yi ba, kana da bakin tambaya. Amma banki ko kamfanin waya da ya haƙa maka rijiya don ganin damarsa, in ta mutu, wa za ka kai ƙara? Mai gari ba zai ɗaga murya ba, don kada a ce ba shi da godiya, gobe a tsallake garinsa. Na ce to ai ba a yi wa mai kyauta tilas. Ya ce, "Haka ne. Amma wanda ya rubuta adalci a allo shi ya kira kansa mai biyan bashi, ba ni na kira shi ba." Ban sami amsa ba, na juya na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Rijiya ta biyar da ta shida suna kan hanyar Illela, kusa da iyakar Nijar. A gefen ɗaya daga cikinsu kamfanin ya yi dashen itatuwa, layi-layi, kowanne da ɗan kejin waya. Na bi layin ina leƙawa. Sanduna ne busassu, in ban da 'yan dogonyaro kaɗan da suka yi taurin kai. An dasa su ne a ƙarshen damina, lokacin da ya dace da zuwan manyan baƙi, ba lokacin da ya dace da itacen ba. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Kowa a nan ya san dashe. Abin da ya gagara shi ne shekara biyun farko, lokacin da ɗan itace ke buƙatar mai ba shi ruwa da mai kore masa akuya, kuma jar akuyar Sakkwato ba ta san kejin waya ba.

Ƙetaren hanya kuwa wata gonar gero ce cike da matasan gawo da kalgo da sabara, ba a jere ba, kowanne inda Allah ya tsirar da shi. Mai gonar ya ce bai dasa ko ɗaya ba. Yana da 'yan'uwa a wajen Ƙonni, a can ya ga yadda suke yi. In ka zo sassabe, maimakon ka sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture ka ƙone, sai ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka datse sauran. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta tun zamanin kakanni, ta riga ta kai ga laima, ba ta neman ban ruwa. Mutanen Nijar na kiransa sassabin zamani. A yankin Maraɗi aka fara yaɗa shi wajen 1983 tare da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gawo kuma abokin manomi ne, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci. Na tsaya tsakanin gonar nan da layin kejin waya, na ɗauki hoton kowanne. Na san wanda ba za a saka a rahoto ba, don babu inda za a kafa allo a kan abin da wuƙa ɗaya ta yi.

Ta bakwai ce ta biya ni wahalar tafiyar. Tun kafin mu isa muka ci karo da yara da jakuna ɗauke da jarkoki cike. Farantan suna ƙyalli. An kewaye wurin da ƙaya, an yi ƙofar langa-langa da kwaɗo, ruwan da ke zuba a ƙasa an yi masa 'yar hanya zuwa wani ɗan lambu na zogale da yakuwa. Kamfani ɗaya, ɗan kwangila ɗaya, kaya iri ɗaya da na sauran.

Makullin yana hannun wata tsohuwa, wadda aka ce ita ta karɓi haihuwar rabin garin. Tana zaune a kan tabarma da gwangwanin madara a gabanta, duk wanda ya cika jarka ya jefa ɗan abin da aka yanka. Na gaishe ta, na ce, "Inna, wa ya ba ku izinin taɓa kayan kamfani?"

Ta yi dariya har sai da ta riƙe haɓa. "Izini? Ɗiyana, mai shan ruwa shi ka da rijiya. Da tal lalace karon hwari munka jira su wata biyu. Nic ce ma mai gari, in jiransu muka yi, ƙishi na kashe mu da allo bisa kai."

Suka yi karo-karo, suka ɗauko mai gyara daga birni. Daga nan aka yanka kuɗin jarka, aka ware marayu da tsofaffi da masallaci ba sa biya. Duk Juma'a ana ƙirga abin da ke cikin gwangwani a gaban liman, a rubuta a littafi. Makiyaya in sun zo da shanu akwai nasu farashin da nasu lokacin, wanda ta ce ya kashe wata rigima da aka daɗe ana yi a bakin tsohuwar rijiya. Jikanta, yaro ɗan shekara kamar sha biyar, shi ke hawa ya wanke farantan da sassafe kafin su yi zafi, ana ba shi ɗan abin sayen sabulu. Ba wanda ya koya masa cewa ba a zuba wa faranti mai zafi ruwan sanyi, shi ya lura. Na ƙara masa da cewa mutane na zaton zafi ne abincin sola, alhali haske ne, zafin ma rage mata ƙarfi yake, shi ya sa ake barin iska na wucewa ta ƙarƙashinta. Ya saurara kamar ana karanta masa wasiƙa.

Liman da ya zo muka gaisa bai kira abin da sunan kamfani ba, waƙafi ya kira shi. Ya ce tun da Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, an san cewa waƙafi ba ya tsayuwa sai da mai kula da shi da abin da zai ciyar da shi. A garin da ke da hukuma sukutum ta zakka da waƙafi, wannan ba baƙon ilimi ba ne. Na yi ta mamakin yadda aka taso tun daga Legas da injiniyoyi da masu hoto, ba wanda ya zauna da liman ko da wannan tsohuwa na awa ɗaya kafin a fara haƙa.

Ina da 'yar na'urar nan mai kashe sumo guda ɗaya a akwatina, ragowar wani aiki. Muka taru da samarin garin muka zaro injin, na ɗaura ta, na nuna wa yaron ma'anar kowace fitila a jikin kwantirola, na rubuta masa lambata a bangon akwatin da fenti. Inna ta sa aka kawo mini fura da rabin buhun albasa. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce in ban ɗauka ba kada in sake taka garin.

Daren ƙarshe na zauna na rubuta rahoton da ba a tambaye ni ba, rijiya bayan rijiya, da abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. Jimillar gyaran shidan bai kai kuɗin haƙa sabuwa ɗaya ba. Na tura tare da hotunan. Washegari ina tasha wani ma'aikacin kamfanin ya kira ni, mutum mai ladabi, ya yi godiya sosai, ya ce rahoton ya taɓa shi. Sai dai kasafin bana na sababbin ayyuka ne, babu layin gyara a cikinsa, amma zai kai maganar gaba. Ya tambaya ko ina da wasu hotunan rijiya ta bakwai, musamman waɗanda yara ke dariya. Na ce akwai. Na tura masa, na haɗa da na kawunan famfon da gizo-gizo ya yi wa saƙa.

Mun wuce Shuni, albasar Inna na bayan mota tana ta gumi, fasinjoji na tsokanata wai na zo Sakkwato da digiri na koma da miya, sai wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Muryar yaron ce, yana haki. Ya ce, "Injiniya, jar hwitila ta kama, ruwa ya tsaya!" Na duba agogo, ƙarfe biyu saura. Na ce masa kada ya ji tsoro, ruwan ƙasa ne ya ja baya, na'urar ce ta kashe injin don kada ya ƙone, ya ba shi minti talatin zai tashi da kansa. Muna gab da Tureta ya sake kira. Bai ce komai ba, ya kara wayar a bakin famfo.